Sarƙa a Hannun Audi

Wanda ya saba shiga mota a tashar Kawo a shekarun baya zai tuna da wani dogon tsoho mai sayar da goro a gindin dalbejiya, wanda yake miƙo goro da hannun hagu. Baƙi kan ɓata rai su ce tsohon nan ba shi da tarbiyya, sai in hannun rigarsa na dama ya janye sun ga abin da ke ciki, sannan su karɓa. Hannun yana nan, amma ya shanye tun daga gwiwa, yatsun sun dunƙule, fatar duk tabo. Sunan tsohon Audi. Ni na san hannun nan tun yana ɗaga buhun siminti shi kaɗai, kuma ina tsaye a wurin ranar da ya lalace.

Sunana Sanda, Bakano ne ni, direba. Na kama aiki wurin Alhaji Lawan a shekarar da aka mai da tuƙi hannun dama. Alhaji babban ma'aikaci ne a wata ma'aikatar gwamnati, ya gina gidansa a ƙarshen Unguwar Dosa, lokacin da in ka zagaya bayan katangarsa ba ka ganin komai sai gonaki da daji. Audi ya zo a shekarar da ta biyo baya, shekarar fari, a bayan motar shanu, daga wani ƙauye da ke yamma da Gusau. Ya yi leburanci a ginin gidan, da aka gama Alhaji ya ga girman jikinsa da gorar da ba ta barin hannunsa, ya ce ya zauna ya yi gadi.

A garinsu Audi mafarauci ne ɗan mafarauci. Akwai tabon barandami daga kafaɗarsa har haƙarƙari, wanda ya samu wajen rigima a kan gada guda, kuma yana ba da labarin kamar wanda ya je biki. Da farin ya zo dajin ya ƙone, nama ya ƙare, karnukansa suka mutu ɗaya bayan ɗaya a gabansa. Bai zo Kaduna da mata ba, bai zo da ɗa ba. Abin da ya zo da shi suna ne, cewa tun da yake a duniya kare bai taɓa ƙwace masa igiya ba. A sauran zance Audi bebe ne, amma ka ambaci kare sai baki ya buɗe, ya dinga jero sunayen matattun karnukansa kamar yadda wani ke jero na 'ya'yansa. Mutanen unguwa suna masa dariya, wasu ma kan janye hannu in ya zo gaisawa gab da salla. Bai damu ba. Ni ma na yi masa dariyar, don ɗakinmu bango ɗaya ne kuma ba na son kare.

Karen da ya zo ya hana mu sakat na wani Bature ne injiniya, wanda aikinsa ya ƙare zai koma gida. Ya ba Alhaji shi kyauta. Alhaji ya ce don ɓarayi ya karɓa, amma in za a faɗi gaskiya ya ga sa'o'insa duk suna da irinsa ne. Ni aka aika na ɗauko. Irin karnukan 'yan sanda ne, baƙin baya, jan ciki, kunnuwa a tsaye, girmansa ya kusa na ɗan maraƙi. Baturen ya miƙo mini igiyar fata da buroshi, idonsa ya yi ja, ya yi ta maimaita mini da gurguwar Hausarsa cewa kullum da yamma a bar shi ya yi gudu. Karen ya hau kujerar baya ya zauna a natse har muka iso. Ko ni da ba na son su, na san na ɗauko abu mai kyau.

Hajiya Zuwaira, matar Alhaji, ta ce kare ba zai taka mata cikin gida ba, gidan da ake salla. Ba wanda ya ga laifinta. Aka ɗaure shi a bayan gareji, a jikin wani turke, aka danƙa wa Audi. Sunan da Bature ke kiransa ya gagari bakinmu, Audi ya raɗa masa Gagarau. Ranar na fara ganin haƙoran Audi a waje.

Da yamma ta yi ya kwance shi ya nufi bayan katanga da shi. Da karen ya hango fili sai ya zabura, ya ja igiya yana kaɗa bindi, don abin da ya saba ke nan, a kai shi fili a sake shi. Audi ya tsaya cak, ya fizgo shi baya har ƙafafunsa na gaba suka tashi, ya juyo da shi ya mayar turke. Na ce masa ai Bature ya ce a bar shi ya yi gudu. Ya dube ni kamar na yi saɓo.

“Bakano, karen da ka ja ba a sakinai,” in ji shi. “In kas sake shi yana ja, shi as sarki, kai ab bara. Sai ya bari don kainai, sannan a kwance shi.”

Wannan ita ce dokar da ya gada, kuma a kan karnukan ƙauye tana ci. Ɗan kwikwiyo ya ja, a ƙi sakinsa, a rage masa igiya, yunwa da rana su koya masa hankali, har ya zama yana tafiya a gefen ƙafar ubangidansa sai an ce masa je ka. To amma Gagarau ba kwikwiyo ba ne, ƙaton kare ne da ya girma yana sanin cewa ja shi ke kai shi fili. Kullum yamma a fito da shi, ya ja, a mayar da shi. Ya tsinke igiyar fatar, aka sa igiyar rama, ya cinye ta. Audi ya je wurin maƙeri ya sayo sarƙa. Duk ranar da karen ya ja da ƙarfi sai ya rage tsawonta, har ta kai karen ba ya iya zagaya turken sosai.

Da damina ta kankama ya fara cin kansa. Sai ka ga ya lanƙwashe ya kafa haƙora a gindin bindinsa, ya fizgo gashi cike da baki, ya tofar, ya sake komawa. Daga bindi ya koma cinya, daga cinya ya koma ciki. Inda ya tsige fata ta yi ja, sannan ta fashe, ƙudaje suka samu wurin zama. Gashin kuwa iska ta dinga kwasowa tana zubawa a kan shanyar Hajiya da bakin randa, kullum sai an yi faɗa. In ya gaji da tsigar sai ya tashi ya ja sarƙar, ya ja har ya tsaya da ƙafafun baya yana tari, wuyansa duk ya saɓule.

Audi ya ce ƙazuwa ce. Ya samo baƙin man mota wurin makanike, ya danne karen da gwiwa ya shafe raunukan da shi, karen yana wani irin kuka da har yau ba na son tunawa. Karen bai daina tsigar ba. Sai Audi ya ce jinin Turawa ne ya yi masa sanyi, ya fara daka masa barkono da gidan rina a cikin tuwo, wani lokaci har da ɗan albarushi, yadda suke yi wa karnukan dawa don su yi zuciya. Zuciyar kuwa ta zo, fiye da yadda aka nema. Wata rana da hantsi na dawo daga kai Alhaji ofis na tarar da jini a ƙasa, Audi yana goge wuƙa a ciyawa, kunnuwan nan masu kyau an yanke su rabi. Wai karen farauta ba ya zama da dogon kunne, ƙaya da abokin faɗa duk nan suke kamawa. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce masa karen bana shi ke maganin zomon bana, wannan ba irin nasu na Zamfara ba ne, ya bar azabtar da dabba. Ya ce ni da ban san komai ba sai sitiyari in yi masa shiru.

Kada wani ya ɗauka Audi mugu ne. Na ga mugaye, ba haka suke ba. Naman miyarsa bai taɓa ci shi kaɗai ba, sai ya raba da karen. Da azahar in rana ta take zai je ya zauna a ƙasa kusa da turken, yana kore masa ƙudaje da mafici, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa, yana tsince gashin da ya zube yana turawa a aljihu. Son karen yake, so na wanda ba shi da kowa. Abin da ya hana ni barci da lamarinsa ke nan, don da ƙiyayya ce da an san maganinta.

Alhaji ya kawo likitan dabbobi sau ɗaya. Mutumin ya tsaya daga nesa ya duba, ya ce ba ƙazuwa ba ce, ba hauka ba ne, ƙunci ne, a tsawaita masa sarƙa a dinga barinsa yana gudu. Audi ya durƙusa ya ce to, ranka shi daɗe. Motar likita na fita ya rage sarƙar.

Bayan an gama girbi abin ya fashe. Hajiya tana kiwon wani rago a tsakar gida, ranar aka bar ƙofa a buɗe ya fito yana kiwo har bayan gareji. Gagarau ya ja, ya ja, turken da ruwan damina ya riga ya ci gindinsa ya tumɓuke. Kafin mu iso ya kama ragon a maƙogwaro ya kayar, yana girgiza shi, turke da sarƙa suna bugun ƙasa a bayansa. Audi ya zuba masa gora a gadon baya, bai saki ba. Sai da ya cusa gorar a bakinsa ya murɗa, haƙori guda ya karye, sannan aka raba su. Ragon ko yanka bai samu ba, ya zama mushe. Hajiya tana tsaye a ƙofa tana salati, tana cewa yau rago ne, gobe fa.

Da Alhaji ya dawo bai yi faɗa ba. Ya ce da safe zai sa a zo a harbe karen. Audi ya cire hula ya zube a gabansa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya roƙa a ba shi lokaci zuwa farautar Rigachikun da ake fita in rani ya yi. Ya ce zai kai Gagarau gaban mafarauta, ya tsaya a gefen ƙafarsa ba ja, ya sake shi, ya kira shi ya dawo. In hakan bai yiwu ba a harbe karen, shi ma ya kwashe tsummansa ya bar gidan, don mutumin da kare ya gagara ba shi da abin da zai tsare wa wani. Alhaji mutum ne mai kunya, ya ce ya ji, amma kafin nan kada karen ya sake ganin ƙofar gida.

Labari ya bazu a unguwa. Masu shayi da mahauta suka sa Audi gaba, duk inda ya gifta a tambaye shi ya jikin ɗan Bature. Shi kuwa ya ƙara tsanani. Ya kafa sabon turke na ƙarfe, ya rage abinci, yana fito da karen safe da yamma, suna kokawa a bayan katanga kamar masu dambe, su dawo dukansu biyu suna haki. Karen ya rame, rabin jikinsa ba gashi, idanunsa sun faɗa. Ja kuwa bai ragu ba ko kaɗan.

Ranar farauta Alhaji ya ba mu a-kori-kurarsa, ya ce in kai su in ga abin da zai faru da idona. Kafin mu hau, Audi ya yi abin da ya tsinka mini zuciya. Mafarauta kan zura igiya ne a wuyan kare su riƙe bakinta biyu, in lokaci ya yi su saki baki ɗaya ta zame. Shi ya san ba igiyar da za ta riƙe Gagarau, kuma ya san hannu kan gaji ya saki. Sai ya naɗe sarƙar a wuyan hannunsa na dama, ya kulle ta da kwaɗo, ya rataya makullin a wuya. Na ce masa wannan ganganci ne. Ya ce ko ƙasa za ta tsage ba za a ce kare ya ƙwace wa Audi ba.

Mun iso bayan gari rana ta ɗan ɗaga. Filin fadama ne da aka ƙone, cike da mutane, masu gora da masu barandami da 'yan tauri suna karta wuƙaƙe a ciki, makaɗa suna kiɗa, karnuka ko'ina, ƙananan jajaye masu yankakken kunne, kowanne a gefen ubangidansa. Shugabansu wani tsoho ne, Sambo, mai ƙaho a rataye. Da muka sauke Gagarau mutane suka dare, wasu suna dariya wasu suna a'uziyya. Sambo ya zagaya shi ya duba, ya ce wa Audi ya yi nesa da karnukan mutane.

Abin da na gani a lokacin shi ya fi ci mini rai. Tun da damina ban ga karen nan ya yi ɗan lokaci bai kai baki jikinsa ba, amma a filin nan ya manta da jikinsa sarai. Ya ɗaga kai yana shaƙar iska, guntayen kunnuwansa suna motsi, bindin nan da ya tsige yana kaɗawa. Sai ya fara ja. Ba wajen karnuka yake ja ba, ba wajen mutane ba, wajen fili yake ja. Audi ya kafa ƙafa ya riƙe.

Sambo ya busa ƙaho. Igiyoyi suka zame gaba ɗaya, karnuka suka kwasa cikin daji, mutane suka bi su da ihu. Gagarau ya yi wani tsalle da ya ja Audi taku da yawa a kan toka. Na ce masa ya buɗe kwaɗon, ga fili, ga sa'o'insa sun tafi, ko minti ɗaya ne ya bar shi. Bai ko dube ni ba.

“Yana ja,” in ji shi.

Filin ya watse, ya rage mu uku da wasu tsofaffi da ba sa iya gudu. Karen yana kuka yana haƙa ƙasa da farce, sarƙar ta nutse a wuyansa, ta nutse a hannun Audi, jini yana bin yatsunsa yana ɗiga. Audi ya fara naɗo sarƙar a damtse yana rage ta, yadda ya saba. Da karen ya ji ana mayar da shi baya, ga kukan 'yan uwansa yana nisa, sai ya daina kallon daji. Ya juyo.

A hannun nan na dama ya fara kamawa, ƙasan gwiwa, na ji ƙashi ya yi ƙara. Suka faɗi tare. Audi bai yi ihu ba. Ya sa hannun hagu ya cafki sarƙar a bayan wuyan karen ya murɗa, ya haye kansa da gwiwoyi, karen ya kubce ya sake kamawa a sama, ya yage naman damtsen, suka yi ta birgima a cikin toka har ba ka bambance jinin wani da na wani. Ba mai iya gudu daga wani, kwaɗo ya haɗa su. Tsofaffin nan suna ta salati. Na ruga mota na ɗauko ƙarfen kwance taya, na zo na ɗaga zan sauke wa karen a ka.

“Kak ka taɓa shi, Sanda,” in ji Audi, fuskarsa a cikin gashin karen. “Nau na.”

Na tsaya da ƙarfe a sama kamar wawa. Ya ƙara murɗa sarƙar, ya kwanta a kanta da dukan nauyinsa. Karen ya saki hannun, ya yunƙura wajen daji da ƙafafun gaba, yana jan kansa yana jan Audi, ya sake yunƙurawa. Daga nan ƙafafun suka lanƙwashe, ya kwanta, sarƙar ta yi sako-sako a ƙasa tsakaninsu.

Audi ya jima yana kallon sarƙar. Sannan ya tashi zaune da kyar, hannun dama yana lilo kamar ba nasa ba, ya dube ni, ya dubi tsofaffin, don su zama shaida. Fuskarsa duk toka da jini, amma wallahi murna ce a cikinta.

“Kun gani,” in ji shi. “Ya bari.”

Ya ciro makullin da haƙori, ya yi ta fama da hannun hagu har kwaɗon ya buɗe. Ya zare sarƙar daga wuyan karen a hankali, yana kauce wa inda ya saɓule, ya shafa kansa, ya nuna masa dajin da sauran suka bi.

“Je ka, Gagarau,” ya ce. “Na sake ka. Je ka.”

Karen bai tashi ba. Audi ya ɗan tura shi da gwiwa, ya sake faɗa masa, a hankali, da muryar da yake yi masa magana a bayan gareji. Ɗaya daga cikin tsofaffin ya buɗe baki zai yi magana, na girgiza masa kai. Na cire rawanina na ɗaure hannun don jinin ya tsaya, shi kuwa bai san ina yi ba, yana zaune yana jira karen ya tashi.